Romon Bazarar Hajiya Hanatu

Gadarif, tsakiyar watan azumi, 1414

Daga Batulu 'yar Malam Sharu, zuwa ga Yaya Jummare 'yar Inna Fatu, a Bur Sudan.

Assalamu alaiki. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da yara da masu taya ki aiki a rumfar abinci. Yaya azumi a bakin teku? An ce zafinku mai gumi ne. Namu busasshe ne, ruwan randa ma sai ya yi ɗumi kafin la'asar. Mu nan lafiya, alhamdu lillahi. Baban Amira yana gaishe ki. Amira ta gama wanka ta koma ɗakinta a Basunda, jaririn sai ƙiba yake yi.

Na san za ki ce yau wace rana, Batulu ta tuna da mu. Kakata da kakarki ciki ɗaya suka fito, amma nisa ya ci zumunci. Ki yi mini afuwa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne surukata, Hajiya. Tun da ta zame a tsakar gida kafin azumi take kwance. Likita ya duba, ya ce ƙashi bai karye ba, tsufa ne kawai. Amma ta daina cin abinci. Na yi mata tuwon asida da miyar kuɓewa, na yi kisra mai laushi, gurasar nan tamu ta kullun dawa, na dama kunun gyaɗa, duk sai ta kau da kai. Shayi kaɗai take kurɓa, shi ma ba ta shanyewa. Awarwaron da a da ba ya fita hannunta sai da sabulu, yanzu da kansa yake zamewa har gwiwar hannu.

Shekaranjiya ina shafa mata mai a ƙafa, sai ta ce, "Batulu, idan watan bayan salla ya cika, romon Fatu nake so." Na ce wace Fatu? Ta ce, "Fatu mana, ta gidanmu." Ta dunƙula yatsu ta nuna mini wani abu kamar ƙaramin curin fura, ta ce yana yawo a cikin romon. Na tambaye ta yadda ake yi. Ta fara faɗa, zancen ya ɓace mata, ta fashe da kuka.

Yaya, babu wanda ya rage da ya san girkin gidan da Inna Fatu ta yi aiki sai ke, tunda a bakin murhun nan kika tashi. Don Allah ki rubuto mini yadda ake yin sa. Ba zan faɗi abin da ya wuce haka a takarda ba, kin san takarda tana bin hannuwa. Na ba Osman direba, mai kai riɗi tashar jiragen ruwa, da ɗan ƙunshin riɗi na yara.

Taki,
Batulu

Bur Sudan, goman ƙarshe

Batulu,

Wa alaikis salam. Muna lafiya, ƙafa ce dai take damuna, ita ma ta saba. Osman ya kawo saƙo. Riɗin mun cinye. Takardar kuwa ta tsaya mini a wuya.

"Gidan da Inna Fatu ta yi aiki." Na gode da tuni. Na san uwata 'yar aiki ce a gidan mai yadi, uban Hajiya Hanatu. Ta ƙare ƙuruciyarta tana kankare musu tukwane. Ranar da ta rasu, daga gidan mijinki Husaini ko kaza ba ta zo mana gaisuwa ba. Yau ciki ya murɗa, an tuna Fatu ta iya romo.

Kuma ki daina kewaye-kewaye kamar mai neman allura a rairayi. Inna ta dafa romo iri-iri a gidan nan. Wanne? Idan wanda nake tsammani ne, na ranar idinsu, to ki kira shi da sunansa in ji. Sannan ki gaya mini: Husaini mai gemu, babba a lajnar unguwa, kwamitin nan mai rabon sukari da gari, ya san abin da za a dafa a murhunsa? Ko so kike in ba ki igiya ki ɗaure kanki?

Allah ya ba Hajiya lafiya. Ita ba ta taɓa yi mini komai ba.

Jummare

Gadarif, ana saura kwanaki salla

Yaya Jummare,

Assalamu alaiki. Allah ya sawwaƙa ƙafa. Ki riƙa gasa ta da ruwan ɗumi da gishiri kafin ki fita rumfa. Mu lafiya. Hajiya dai jiya iya yau, sai ma abin da ya ƙaru.

Wallahi ban rubuta layin nan don in taɓa ki ba. Tsoro ne ya sa na kewaya, na faɗa inda ban nufa ba. Inna Fatu uwa ce a wurina. Maganar ta'aziyya, Allah shaida ne Hajiya ta ɗaura mayafi za ta zo, ba a bar ta ba. Ba zan ƙara a kan haka ba don kada in ci naman mijina da azumi a bakina.

To, ga shi a fili, kowa ya buɗe ya karanta. Romon idin Yahudawa ne, wanda ake yi a gidan uban Hajiya kafin ta musulunta ta auri Malam Tijjani, kafin danginta duka su kwashe su bar ƙasar. Hajiya musulma ce, ta je Makka, har yanzu a kwance take salla da ishara. Amma harshenta ya koma neman abin da ya sani tun tana yarinya, kuma ba ni ce zan yi wa harshen tsohuwa hisabi ba.

Tambayarki ta biyu ta hana ni sukuni, don gaskiya ban gaya masa ba a lokacin. Ni kuwa ba na ɗora tukunya a ɓoye a gidan miji. Jiya bayan an sha ruwa na kawo masa shayi, na zauna, na faɗa masa komai.

Ya ajiye kofin, ya ce, "Kin san me kike faɗa?"

Na ce na sani.

Ya ce, "Bara a tsakiyar kasuwa wani ya kira ni jikan Yahudu saboda na hana shi buhun sukari na biyu. Kin manta? A zamanin nan da mutum yake kwana a gidansa ya wayi gari a inda ba a sani ba, ke za ki dafa mini idinsu a tsakar gida?"

Na ce, "Ba idi zan dafa ba, Malam, kaza zan dafa. Kai za ka yanka ta da bisimilla."

Ya ce, "Ke dai kin iya magana a hankali kina soka mutum."

Na ce ni abin da Malam babana ya karantar da ni tun ina wanke allo, abincin mutanen Littafi halal ne a gare mu, kuma ban taɓa jin inda aka ce a bar uwa da yunwa don tsoron bakin kasuwa ba. Na ce idan yana da wata fatawa ya kawo, zan bi. Ya tashi ya leƙa ɗakinta, ya daɗe a tsaye. Ni ban bi shi ba, amma na san abin da ya gani.

Da ya dawo ya ce, "Ki dafa. Amma a rufe ƙofar gida da sakata. Kada kowa ya shigo, kada sunan abin ya fita daga bakinki, musamman gaban Shatu." Shatu maƙwabciyarmu ce, katanga ɗaya muka haɗa. Mutuniyar kirki ce, sai dai abin da ya shiga kunnenta da hantsi, kafin azahar ya isa kasuwar hatsi.

Na amsa masa. Yanzu ke nake jira, Yaya. Wata yana tafiya.

Batulu

Gadarif, bayan salla

Yaya,

Assalamu alaiki. Barka da salla, Allah ya maimaita mana. Ina fatan kuna lafiya. Na aika gidan su Osman, an ce bai dawo ba tun tafiyar da ya yi da takardata. Ko dai hanya ce, ko kuwa har yanzu fushi kike yi. Idan fushi ne, ki ajiye shi a gefe ki rubuto, daga baya ki ɗauko shi, zan tsaya ki sauke mini. Wannan na ba wani yaron kasuwa mai tafiya can, ban ma san sunansa ba.

Ranar salla Hajiya ba ta gane Amira ba sai da ta yi magana. Likita ya sake zuwa, ya sa mata ruwa a hannu, ya ce shi iyakarsa ke nan, ruwan leda ba ya riƙe tsoho. Da na ga haka na ce ba zan zauna in naɗe hannu ba. Na gwada da kaina.

Na ce a raina, curi a cikin ruwan zafi, ai ɗanwake ke nan, mu ma mun gada. Baban Amira ya kawo mini ɗan garin alkama, kin san yadda ya yi wuya yanzu. Na kwaɓa shi, na ɗiga masa kullun kisra mai tsami don ya yi sakayau, na rufe ya kwana. Na dafa kaza har ta saki. Na jefa curin suka dahu. Da na zuba a kwano, na ga romon ya yi fari fat kamar na marowaci, sai na narka man shanu mai kyau, cokali guda, na kwarara a kai. Wa zai ba marar lafiya romo babu man shanu?

Na kai mata ina murna. Ta ɗago kai, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Ta shinshina. Sai fuskarta ta canza, ta ce, "Wa ya zuba nono a kan nama?"

Na ce, "Hajiya, ba nono ba ne, man shanu ne."

Ta ce, "Uwarsu ɗaya." Ta taɓa curin da yatsa, ta ce, "Kuma kullun nan ya kwana." Ta juya fuska bango.

Yaya, shekara da shekaru wannan baiwar Allah tana cin tuwona da miyar nama da man shanu, tana sa mini albarka. Ban gane abin da na ɓata ba. Na zauna a bakin murhu na yi kukana, ina cikin yi Shatu ta leƙo ta katanga tana cewa, "Ƙanshin kaza nake ji, wa ya haihu ba a gaya mini ba?" Na ce marar lafiya na yi wa. Ban yi ƙarya ba, amma ban ji daɗin bakina ba.

Sauran garin na ƙulle shi na rataye. Na girki ɗaya ne, ba zan taɓa shi ba sai na ji daga gare ki. Kullum da magariba sai Hajiya ta ce in ɗaga labule ta ga watan. Jiya ta ce, "Ya fara ciki." Ni ban san ko lissafinta daidai ne ba, babu kuma wanda ya rage a garin nan da za a tambaya. Abin da na sani, idan watan nan ya cika ba ta ci ba, ba na zaton za ta ga wani.

Ba zan fasa ba. Ko kin amsa ko ba ki amsa ba zan sake ɗora tukunya. Amma na fi so in ɗora ta da saninki.

Batulu

Bur Sudan, Shawwal

Batulu, ƙanwata,

Wa alaikis salam. Muna lafiya. Wane fushi? Takardunki biyu rana ɗaya suka iso. Lorin Osman ya kwanta a hanya babu mai, ya yi kwanaki yana cin busasshen burodi a ƙarƙashin mota. Fushina tun a layin da kika ce "kowa ya buɗe ya karanta" ya sauka. Ashe akwai ƙashi a bayanki.

Amma man shanu! Na yi dariya har masu cin wake a rumfa suka juyo. Na kuma yi kuka, don na ji muryar uwar Hajiya a cikin wannan "wa ya zuba." Haka take yi wa Inna. Ki saurara. Mutanen nan ba sa haɗa nama da duk abin da ya fito daga nono, ko a ciki ko a tukunya. A kwanakin idin nan kuma ba sa cin duk abin da kullunsa ya tashi ko ya yi tsami. Mu kuwa abincinmu duka sai ya kwana yake daɗi. Kin haɗa laifi biyu a kwano ɗaya, kuma duka don kyautatawa. Hajiya ta ci naki shekara da shekaru saboda tuwo tuwo ne. Wannan kwanon kuwa ba ta san shi da wata fuska ba.

Ga yadda Inna take yi.

Ki sayi sabuwar tukunyar ƙasa, wadda mai bai taɓa shiga ba. Kaza tsohuwa mai kitse, ba budurwa ba. Bayan an yanka ki barbaɗe ta da gishiri, ki jingine ta jinin ya tsiyaye, ki ɗauraye sosai. Ki yanke kitsen da fatar wuya ki soya su daban a wuta kaɗan har su tsatso mai. Wannan shi ne man shanunki. Kazar ki dafa ta da albasa guda ba yanka, da karas, da ganyen shabat mai ƙanshi, da gishiri da masoro. Ba tumatir, ba barkono, ba daddawa. Na san hannunki zai yi ƙaiƙayi. Ki zauna a kansa. Kumfar da ta taso ki kwashe, romon ya zama garau kina ganin gindin tukunya.

Curin ba da ɗanyen gari ake yi ba, nan kika ɓata. Sai kin fara yin gurasarsu. Ki kankare doka, kaskon toya kisra, tas, ki hura mata wuta ta yi zafi tun kafin ruwa ya taɓa gari. Gari da ruwa kawai, ko gishiri babu. Daga zuba ruwa zuwa saukewa kada ya wuce tsakanin kiran salla da tayarwa. Ki murza fale-fale, ki soke shi ko'ina da tsinke, ki gasa ya bushe ƙamas. Ba a barin kullun ya huta, ko gaisuwa aka yi miki kada ki amsa. Inna ta ce wai kakanninsu ne suka fita gudun Fir'auna da kullu a ka, bai samu tashi ba. Labarin Annabi Musa ne dai, kin fi ni saninsa.

Idan ta huce ki daka ta a turmi, kamar tsaki mai laushi. Ki fasa ƙwai, kowanne ki duba shi daban, mai ɗigon jini ki ba kyanwa. Ki haɗa da man kazar nan, da gishiri, da ludayin romo. Yanzu ne za ki bar shi ya huta, ki ɗora kwanon a gindin randa inda yake da sanyi. Ki jiƙa hannu ki cura ƙanana, don suna kumbura. Kada ki matse su kamar mai cura fura. Ki jefa a romo yana tafasa a hankali, ki rufe, kada ki buɗe don leƙe.

Abu ɗaya kuma. A daren nan ba sa ci da ƙofa a rufe. Inna ake aikawa ta buɗe ta wangale, ni ina riƙe da zanenta. Wai duk wanda ya shigo ba a korarsa, ko waye. Ban san ko Hajiya za ta tuna ba. Na dai faɗa miki.

Osman ya rantse zai kwana yana tuƙi. Ki sumbaci hannun Hajiya, ki ce daga 'yar Fatu mai satar karas.

Jummare

Gadarif, bayan cikar wata

Yaya Jummare,

Assalamu alaiki wa rahmatullah. Ina fatan ke da yara kuna lafiya, ƙafa kuma ta yi sauƙi. Allah ya saka miki, ya jiƙan Inna Fatu, ya haskaka kabarinta. Ki zauna sosai, takardar nan tana da tsawo.

Osman ya iso ana gobe wata zai cika, idonsa jawur. Na karanta takardarki a tsaye, na sake karantawa a zaune. Da na zo maganar ƙofa na tsaya cak, don kin san alkawarin da na ɗauka. Na yi tunanin in yi shiru, wataƙila ba za ta tuna ba. Amma shiru irin wannan ɗan'uwan ƙarya ne, sai na karanta wa Baban Amira wurin. Ya ce, "Alkawari dai alkawari ne." Na ce haka ne.

Da safe na je kasuwa na zaɓo tukunya, na ƙwanƙwasa ta na ji tana ƙara. Shi ya yanka kazar da hannunsa, ya wanke wuƙa, ya sa sakata, ya zauna a zaure kamar mai gadi. Ko lajna bai je ba.

Gurasar ce ta ba ni tsoro, tunda garin ba shi da na biyu. Na hura doka har tana hayaƙi. Ina zuba ruwa a gari, sai ga Shatu a kan katanga: "Batulu, ina kwana? Batulu? Ikon Allah, yau kuma gaba ake yi da ni?" Yaya, tunda nake ban taɓa ƙin amsa gaisuwar maƙwabci ba. Na sunkuyar da kai ina murzawa, ina neman gafara a zuci. Sai da na sauke ta ƙarshe na ɗago na ce, "Lafiya lau, Shatu, ki yafe ni, hannuna ne a wuta." Ta ce, "Wannan wace irin kisra ce kamar fatar ganga?" Na ce ta marar lafiya ce.

Sauran duk na bi yadda kika ce. Hannuna ya kai kan barkono, na janye shi. Na rufe tukunya na zauna ina jan carbi don kada in leƙa.

Bayan magariba muka fito da Hajiya tsakar gida a kan gadonta, muka tokare ta da matasai, watan yana fitowa ta bayan bishiyar Shatu. Na kawo kwanon. Ta shinshina, ta daɗe. Sai ta miƙa hannu ta gyara ɗankwalinta, ta zauna sosai kamar mai jiran baƙi. Na ɗebo a cokali na kai bakinta. Ta riƙe hannuna, ta dubi zaure.

Ta ce, "Fatu ba ta buɗe ƙofa ba."

Na ce, "Hajiya, ki ɗan kurɓa tukuna, zai huce."

Ta ce, "Ba a ci ba a buɗe ba." Ta rufe baki.

Na dubi Baban Amira, yana tsaye a bakin zaure. Ya girgiza kai. Ni kuwa na riga na ba shi kalmata, ba zan tashi in taɓa sakatar nan ba ko da kwanon zai daskare a hannuna. Amma ban ajiye cokalin ba. Na ce, "Malam, zo ka ɗanɗana mini gishiri, wataƙila shi ne bai ji ba." Allah ya sani gishirin ya ji. So nake ya matso kusa da uwarsa, na kuma nemi gafarar wannan.

Ya zo yana ɓata rai, ya tsuguna, ya karɓi cokalin, ya gutsuri curin ya haɗa da romo. Sai na ga ya daina tauna.

Ya ce, "Wannan ai romon bazara ne."

Na ce, "Ka san shi?"

Ya ce, "Akwai wani gida mai dogon teburi da fitilu. Wani tsoho mai farar hula, ba ya magana. Yakan ɗora ni a cinya ya hura wannan abin ya sa mini a baki." Ya juya wajenta. "Inna, gidan wa ne?"

Hajiya ta ce, da murya garau irin wadda na manta tana da ita, "Gidan ubana. Da na auri ubanka ya ce kada in sake taka masa soro. Duk tsawon shekara ƙofar nan a rufe take a kaina. Amma daren nan ba shi da ikon korar kowa. Sai in goya ka in tsaya a bayan bango, in jira Fatu ta zare sakata. Bai taɓa ce mini sannu ba. Bai kuma taɓa barin ka fita da yunwa ba."

Yaya, sai Baban Amira ya ajiye cokalin a kwano, ya miƙe, ya shiga zaure. Na ji ƙarar sakata. Bai tsaya a nan ba, ya buɗe ƙyauren duka biyu, ya sa dutse ya tokare, ya dawo ya karɓi kwanon daga hannuna.

Ta kurɓa. Ta sake kurɓa. Ta ci curi guda, ta huta, ta ci rabin wani. Ni ina ƙirga numfashinta, shi yana hurawa yana ba ta.

Kin san wadda ta fara shigowa. Ko mayafi ba ta gama yafawa ba. "Salamu alaikum, na ga ƙofa a wangale na ce ko lafiya." Na ga wuyan Baban Amira ya sandare. Hajiya ta ce, "Zauna, Shatu. Batulu, zuba mata." Shatu ta sha, ta tauna, ta ce, "Ɗanwaken nan ya yi daɗi, amma wa ya hana ku yaji? Abincin wace ƙasa ne wannan?"

Na buɗe baki ban san me zai fito ba. Sai shi ya riga ni. Ya ce, "Na gidan kakana ne, uban Inna. Ki ƙara, akwai a tukunya."

Ta dube shi, ta dubi Hajiya, ta ce, "To, Allah ya jiƙan na gaba," ta miƙo kwano. Bayanta wasu 'yan ƙwadago biyu masu jiran aikin gona suka yi sallama neman ruwa, su ma aka zuba musu. Tukunyar nan sai da aka ga gindinta.

Ban san abin da zai biyo baya ba. Zancen ya isa kasuwa, wannan babu shakka. Jiya da Baban Amira ya dawo daga lajna bai ce mini komai ba, ni ma ban tambaya ba, amma ya ci tuwonsa ya side hannu. Abin da Allah ya rubuta shi zai same mu.

Hajiya kuwa washegari ta sha kunu. Yau ta ce a yi mata asida, ta kuma yi mini faɗa wai miyar ba ta ji man shanu ba. Na sumbaci hannunta na isar da saƙonki. Ta yi dariya har da tari, ta ce ta tuna ki, ke ce mai ɓoye karas a ɗankwali.

Ta ba ni saƙo, ta ce in rubuta shi yadda ta faɗa, kada in gyara don kunya. Ta ce curin Fatu tasowa suke yi saman romo kamar auduga, nawa kuwa sun nutse kamar duwatsun rafi, na matse su da yawa. Ta ce ki bar wa yara rumfa ki hau lorin Osman ki zo ki nuna mini da hannunki, don baɗi ba za ta ci irin wannan ba.

Baɗi ta ce, Yaya. Da bakinta.

Na wanke tukunyar na kife ta daban, babu abin da zai shiga cikinta kafin ki zo.

Ƙanwarki,
Batulu